Karatun Iska: Yadda Gwanayen Keke Ke Zagaya Zirin Cape

A watan Maris na 2017 dubban mutane suka yi sammako zuwa tsakiyar birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, kowa da kekensa, don tseren da ake yi duk shekara na zagaya zirin ƙasar da ya taso daga birnin ya kutsa cikin teku. Ba a yi tseren ba. Iska ce ta taso tun da asuba, tana bi ta tsakanin dogayen gine-gine tana zubar da mutane a bakin layin tashi. Wanda ya ga bidiyon ranar ba zai manta ba: ƙato ya ƙanƙame kekensa da hannu biyu, keken ya tashi sama yana filfilwa, shi kuma yana turjiya kada a yi gaba da shi. Masu shirya gasar suka ce kowa ya koma gida. Karo na farko ke nan da aka soke ta ɗungurungum tun da aka fara ta a 1978.

Wannan iska daga kudu maso gabas take fitowa, kuma ita ce mai garin daga wajen Nuwamba zuwa Maris, wato lokacin zafi a can, tunda damina da rani na kudancin duniya a juye suke da namu. Zirin kuwa siriri ne, tsawonsa kilomita 50 da 'yan kai daga birnin zuwa Cape Point, tsaunuka sun bi ta tsakiyarsa kamar ƙashin baya. Ta yamma Tekun Atlantika ne, ta gabas kuma babban gulbin tekun da ake kira False Bay. Kwalta ta kewaye shi kusan duka, ta ratsa ƙauyukan masunta da garin sojan ruwa da wuraren wanka, kuma hanyar da masu tsere ke bi kilomita 109 ce. Duk mai lafiya da ya ɗan yi atisaye zai iya cinye wannan nisa a yini guda. Abin da ya raba gwani da ɗan koyo a wannan hanya shi ne sanin halin iska: ina za ta fito, yaushe za ta yi ƙarfi, a wace kwana za ta yi maka kwanton ɓauna, da kuma nawa ne daga ƙarfinka za ka biya ta, nawa za ka ɓoye. Wannan ilimi ne nake ganin ya cancanci yabo, domin ba a ganinsa a cinya, kuma ba a sayar da shi a kantin kekuna.

Darasi na farko tun kafin a ɗora ƙafa a feda ake yinsa, wato ta wane ɓangare za a fara. Gwanaye suna gangarawa kudu ta gefen gabas da safe, su tsallaka, su dawo arewa ta gefen yamma. Dalili uku ne suka haɗu a wuri guda, abin har da ban sha'awa. A Afirka ta Kudu hannun hagu ake bi, to wanda ya fuskanci kudu ta gabas teku na hagunsa, in ya juyo arewa ta yamma ma teku na hagunsa, saboda haka yini guda babu layin mota tsakaninsa da ruwa, kuma in ya ga abin tsayawa ba sai ya tsallaka titi ba. Rana kuma ta False Bay take ɓullowa, ta faɗi ta Atlantika, ka ga yana tare da haske a duk inda ya fi kyau. Na uku shi ne babba. Iskar ta fi sanyin hali da sassafe, tana ƙara fushi ne bayan azahar. Mai tafiya kudu da safe yana karo da ita lokacin da take da rauni shi kuma yake da ƙarfinsa, sa'an nan idan ta yi ƙarfi shi kuma ya gaji, ta koma bayansa tana tura shi gida. Wanda ya juya wannan tsari zai sha daɗin safiya, ya yi ta murna yana ganin kansa gwarzo, da la'asar kuma ya gane dalilin da Hausawa suka ce iska na wahalar da mai kayan kara.

Akwai lissafi a ƙarƙashin wannan, kuma ba mai wuya ba ne. Turjiyar da iska ke yi wa jiki ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In gudun iskar da ke dukan ƙirjinka ya ninka biyu, turjiyar ninki huɗu take yi. Ɗauki mai tafiyar kilomita 20 a awa a rana mai lumana. In iska mai gudun kilomita 30 ta fuskanto shi, abin da ƙirjinsa ke ji kilomita 50 ne, turjiyar kuwa ta haura ninki shida. Sa'an nan ga wani abin da 'yan koyo ba sa yarda da shi sai sun gwada: abin da iska ta ƙwace a tafiya ba ta mayar da shi duka a dawowa. Kilomita 20 zuwa, 20 dawowa, a gudun 20, awa biyu ke nan. In iska ta mayar da kai gudun 10 a tafiya, ta kai ka 30 a dawowa, ka ci awa biyu a zuwa kawai, ga minti 40 na dawowa a kai. Saboda haka gwani ba ya kallon na'urar auna gudu a ranar iska. Numfashinsa yake saurare. Muddin zai iya yi wa na kusa da shi magana jimla guda ba tare da haki ya katse shi ba, to bai ci bashin da zai kasa biya ba.

Hasashen yanayi a waya kowa na dubawa yanzu, amma tsofaffin mahaya sun fi yarda da idonsu. Sukan ɗaga kai su dubi Table Mountain, dutsen nan mai shimfiɗaɗɗen kai da ya haura mita 1,000 a bayan birnin. In farin gajimare ya kwanta a kansa yana malalowa ta gefe yana ɓacewa kafin ya kai ƙasa, iskar kudu maso gabas ta kama aiki. Sukan dubi fuskar False Bay: in ruwan shuɗi ne lumui, akwai sauran lokaci, in fararen kumfa sun fara tsiri-tsiri a can nesa, nan da ɗan lokaci za ta iso gaɓa. Sun kuma san cewa tsaunukan nan ba katanga ɗaya ba ce. Akwai giɓi-giɓi a tsakaninsu, kamar kwarin Fish Hoek, inda iska ke matsewa ta fito da ƙarfin da ya fi na ko'ina. Mai keke yana tafe a inuwar dutse shiru, tsit, ya karya kwana sai ya ji kamar an bangaje shi. Gwani ya riga ya gani a jikin ciyawa da bishiyoyin da ke gabansa, ya rage giya, ya sunkuya, ya riƙe kan keke da kyau tun kafin a kai ga haka.

Ku lura da shi a cikin iskar gaba, abin kallo ne. Ba ya kokawa. Ya sauke ƙirji, ya tattaro gwiwar hannu zuwa jiki, ya ja zif ɗin rigarsa har wuya don kada ta kumbura ta zame masa tanti. Ya koma giya mai sauƙi, ƙafa na juyawa wajen sau 80 zuwa 90 a minti, lif-lif-lif, babu tsalle a kan sirdi, babu rangaji. Ɗan koyo kuwa sai ya ɗauki abin da zafi, ya zuba giya mai nauyi, ya miƙe tsaye yana dannawa, ya buɗe wa iska ƙirjinsa duka, kafin kilomita 10 cinya ta ɗauki wuta. In ayari ne, sai su jera ɗaya bayan ɗaya, tayar gaban wannan kusa da tayar bayan wancan, domin wanda ya fake a bayan ɗan'uwansa yana samun sauƙin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Na gaba ya ja na ɗan lokaci, ya kaɗa gwiwar hannu alamar ya gaji, ya zame gefe ya koma baya, na biye ya karɓa ba tare da ƙara gudu ba. Wannan rashin ƙara gudun shi ne tarbiyyar. Wanda ya karɓi gaba ya fizga don a ce ya iya, ya tsinka ayarin ke nan, kuma ba za a so fita da shi gobe ba. Na gaba shi ne idon kowa: ya ga rami ya nuna da yatsa, ya ga mota a tsaye ya kai hannu baya ya kaɗa, saƙon ya bi layi har na ƙarshe.

Amma mai zagaya ƙauyuka ba ɗan tsere ba ne, kuma rabin gwanintarsa sanin wurin tsayawa ne. A Muizenberg ake fara haɗuwa da teku, inda ƙananan ɗakunan katako masu launi ja da rawaya da kore suka jeru a kan yashi, masu wasan sulu a kan igiyar ruwa kuma sun cika gaɓa. A kan dutsen da ke sama akwai masu gadi da tabarau na hangen nesa, aikinsu tun 2004 duban kifin shak. In sun hango shi sai a busa jiniya a ɗaga farar tuta, kowa ya fito daga ruwa. Daga nan hanya ta matse. Dutse a dama, layin dogo a hagu, teku na dukan gindin layin dogon, motoci kuma bamba da bamba. A nan gwani ba ya maƙalewa jikin motocin da aka ajiye, yakan bar tazarar da ko an buɗe ƙofa ba zato ba za ta same shi ba, ko da na baya zai yi masa hon. Dokar lardin da birnin ke ciki tun 2013 ta ce direba ya bar wa mai keke aƙalla mita ɗaya in zai wuce shi, sai dai doka a takarda take, ƙashin haƙarƙari kuwa naka ne. Layin dogon nan, wanda ya isa Simon's Town a 1890, shi ne mafitar wanda ya ga abin ya fi ƙarfinsa a wannan gefen.

Kalk Bay ne wurin da ya kamata a jingine keke a sauka. Ƙaramar tashar masunta ce, jiragen katako masu fenti suna shigowa ta bakin katangar da ke tare igiyar ruwa, a watso kifi a kan siminti, masu saye su kewaye, a yi ciniki da ɗaga murya. Kifin da ya fi suna shi ne snoek, dogo, siriri, mai haƙora kamar zarto, ana jan sa da zare da hannu. Mata masu gyaran kifi suna tsaye a bakin teburan siminti da wuƙaƙe, tsaga ɗaya daga baya sun buɗe shi kamar littafi, su wanke, su barbaɗa gishiri, su watsa kayan ciki gefe, inda manyan dabbobin ruwan nan masu gashin baki da ake kira sil suke jan ciki a kan siminti suna jira, ba sa tsoron kowa. Masuntan garin jikokin mutane ne daga wurare da yawa, har da Musulmin da kakanninsu suka zo daga tsibiran Indunusiya a zamanin mulkin 'yan Holan, da 'yan Filifin da suka zauna nan a ƙarni na 19, kuma akwai ɗan masallaci a cikin lungun garin. Mai hankali yakan sha shayi a nan, ya ci abu mara nauyi, ya bar soyayyen kifi da dankali sai Hout Bay, a hanyar dawowa. Cikin da aka cika da mai ba ya hawa tudu.

A Fish Hoek da gaɓoɓin kusa da shi har yanzu akan ci karo da masu jan taru daga tudu. Mutum guda yakan zauna a kan dutse yana duban ruwa, in ya hangi duhun garken kifi sai ya ba da alama, a tura kwale-kwale a kewaye su da taru, sa'an nan a kama igiya biyu daga gaɓa a yi ta ja. Su ma karatun ruwa da iska suke yi, kuma sun riga masu keke farawa da ɗaruruwan shekaru. Tsakanin nan da Glencairn iska kan kwaso yashi ta shimfiɗa a kan kwalta, har jirgin ƙasa takan tsayar. Siririyar taya da yashi ba sa ga maciji. Dabarar ita ce kada a taɓa birki a cikinsa, kada a karya kan keke, a mayar da nauyi baya a wuce a miƙe.

Simon's Town kansa iska ce ta kafa shi. A lokacin sanyi iskar arewa maso yamma takan farfasa jiragen ruwa a gaban Cape Town, shi ya sa tun shekarun 1740 kamfanin 'yan Holan da ke mulkin yankin ya mayar da wannan lungu matsayar jiragensa na lokacin sanyi. Daga baya sojan ruwan Birtaniya suka mai da shi sansani, har 1957 da suka miƙa wa Afirka ta Kudu. Gari ne mai tsofaffin benaye a jere a titi guda, da masallacin Noorul Islam a kan tudu. A 1967 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana shi garin farar fata zalla, aka kwashe dubban mutanen da nan aka binne kakanninsu, masunta da ma'aikatan tashar jirgi da masu wanki, aka watsa su wasu wurare. Mai keke zai wuce ta ɗaya daga wuraren nan da rana, don haka ya riƙe wannan a ransa. Gaba kaɗan, a Boulders, ga tsuntsayen fengwin suna tafiyarsu ta taƙama a tsakanin manyan duwatsu; 'yan ƙalilan ne suka fara zama a wurin a farkon shekarun 1980, suka yaɗu, yanzu kuma jinsin nasu na cikin haɗarin ƙarewa saboda ƙarancin kifin da suke ci.

Bayan Simon's Town gidaje sun ƙare, kantuna sun ƙare, saboda haka a nan ake cika gorar ruwa ko ba a jin ƙishi. Hanya ta fara hawa a hankali zuwa Smitswinkel, teku na ƙara nisa a ƙasa, a can gindin gangaren kuma ga 'yan gidajen da mota ba ta isa gare su, sai da ƙafa. A wannan yanki gwaggon biri ke mulki. Sukan zauna garke guda a tsakiyar titi suna cire wa juna ƙwarƙwata, kuma sun san mene ne aljihun bayan rigar mai keke, sun san ayaba a ciki take. Ba a tsayawa cin abinci a gabansu, ba a miƙa musu komai, doka ma ta hana, ba a kuma ratsa tsakanin uwa da ɗanta. A rage gudu, a ba su fili, a wuce ba tare da zura musu ido ba.

A saman tudun ne ƙofar gandun dajin Cape of Good Hope take, kuma a nan ake gane mai lissafi. Shiga har Cape Point da fitowa ƙarin kilomita 20 da wani abu ne, a fili fetal, babu bishiyar da za ta kare ka, sai gajerun tsirrai da jiminai. Wurin ya cancanci gani. A can ne tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa take, wadda aka gina a ƙoƙuwar dutse har ta yi tsayi da yawa, hazo ya riƙa rufe ta. Bayan da jirgin Fotugal mai suna Lusitania ya nutse a kusa a 1911 aka gina wata a ƙasa-ƙasa. Amma gwani yakan dubi agogo, ya dubi teku, in ya ga kumfa ta yi yawa ya bar shi sai wani jiƙon. Daga ƙofar hanya takan karkata yamma, iskar da ke gaba ta koma ta gefe, kuma ta gefe ta fi ta gaba haɗari. Sai ka ga mahaya sun karkata jiki cikin iskar kamar masu jingina da bango. Matsalar ita ce bangon kan gushe ba sallama: babbar mota ta wuce ta tare iskar na daƙiƙa guda, mai keken ya faɗa wajen da ya jingina. Maganinsa sassauta kafaɗa da ci gaba da juya feda, domin keken da ake tuƙawa ya fi wanda aka saki tsayuwa da ƙafarsa.

Daga Scarborough duniya ta canza. Ruwan wannan gefen sanyi ne da shi ƙarara, kuma abin mamaki a tsakiyar zafi ya fi sanyi, saboda iskar nan tana kore ruwan sama-sama zuwa cikin teku, na ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. A Misty Cliffs feshin igiyar ruwa kan tsaya a iska kamar hayaƙi. Iska ta dawo baya, keke na gudu da kansa, kunne ya yi shiru. Tarkon yana nan. Mai tafiya da gudu ɗaya da iska ba ya jin ta a jiki, gumi ya daina bushewa, zafi ya taru, ga daɗin gudu na zuga shi ya zuba babbar giya. A 2002 zafi ne ya sa aka tsayar da tseren a tsakiya. Gwani yakan karɓi kyautar iskar ya mai da ita hutu: ya sha ruwa, ya ci dabino ko ayaba, ya miƙe baya, ya bar masu zumuɗi su wuce shi. Ya san zai same su a gaba.

Mai son ƙauye zai ratse ta Kommetjie ya ga doguwar farar hasumiyar ƙarfe ta Slangkop da masu kamun ƙaguwar teku. Ko ta ina aka bi, sai an wuce ta gaban Ocean View, unguwar da aka gina a ƙarshen shekarun 1960 aka zuba mutanen Simon's Town da na kewaye, nesa da tashar da suke neman abinci. Gaba kaɗan ga Masiphumelele, gidajen kwano a cunkushe, tsallaken hanya kuma gonakin dawaki na Noordhoek. Keke na nuna wa mutum irin wannan fiye da mota, domin ba ya wucewa da saurin da zai hana shi gani. Gaskiya ce kuma a faɗa cewa ana ƙwacen kekuna a wasu sassan zirin, musamman inda babu jama'a, shi ya sa mazauna garin ba sa son fita su kaɗai, kuma baƙo mai wayo yakan tambayi masu gyaran keke na unguwa inda ake bi da inda ake kauce wa a wannan makon.

Sai Chapman's Peak. An fara sassaƙa wannan hanya a jikin dutse a 1915, da ƙarfin fursunoni, aka buɗe ta a 1922. Tsawonta kilomita 9 ne, kwanoninta 114. Masu aikin sun bi layin da duwatsu iri biyu suka haɗu, mai tauri a ƙasa ya zama gadon hanya, mai laushi ja-ja a sama shi aka yanke. Duwatsu kan ruguzo daga sama, har aka rufe hanyar a 2000 bayan an yi rashin rai, aka sake buɗewa a ƙarshen 2003 da ragar ƙarfe da rumfunan kankare, kuma har yau akan rufe ta in iska ko ruwa sun yi yawa. Daga Noordhoek hawan kashi biyu ne. Akwai ƙaramin tudu da farko, sai ɗan gangare da ke yaudarar baƙo ya ɗauka an gama, sa'an nan babban ya miƙe a gabansa, ana hango shi yana lanƙwasa a jikin dutsen har sama. Tudun ba mai tsanani ba ne, tsawo ne da shi. Gwani yakan sauya giya kafin ƙafa ta nemi a sauya, domin sarƙar da ke ɗauke da nauyi ba ta son a motsa ta, ƙara take yi, wani lokaci ta zame. Yakan zauna a sirdi, hannu a sake a saman kan keke, ya fara a hankali fiye da yadda zuciyarsa ke so, ya bar ƙarin ƙarfi sai kashi na ƙarshe.

Gangarawa Hout Bay ta fi hawan neman ilimi. Birkin gaba shi ne mai tsayar da keke, na baya rakiya yake yi, kuma wanda ya yi hayar keke ya tabbatar tun a kanti wane hannu ne ke riƙe da wanne, don ba duk ƙasashe ke ɗaura su iri ɗaya ba. Ana rage gudu ne a miƙaƙƙen wuri kafin kwana, a shiga kwanar an saki birki, fedar waje a ƙasa an danna ta da nauyin jiki, ido kuma a kan mafitar kwanar. Keke inda ido ya kalla yake zuwa. Wanda ya ƙura wa katangar bakin ramin ido don tsoronta, ita zai nufa. Ga motocin 'yan yawon buɗe ido da ke tsayawa ba sigina don ɗaukar hoto, ga iskar da ke faɗowa daga saman dutse ta inda ba a zata ba. Mai son kallon teku ya tsaya a wurin da aka tanada ya kalla son ransa. Kallo da gangara ba sa haɗuwa.

A Hout Bay a ci kifin da aka yi wa alkawari, amma da awo, domin Suikerbossie na jira a bakin gari. Tudu ne da bai fi kilomita biyu ba, miƙaƙƙe, babu kwana, babu inuwa, ana ganin ƙarshensa tun daga gindi. Da da safe aka same shi, da ba wanda zai riƙe sunansa. Amma yana zuwa ne bayan an ci kusan kilomita 90, rana ta take, kuma a nan ake buɗe littafin bashi. Wanda ya yi kokawa da iska a Smitswinkel, wanda ya yi tsere da ita a Scarborough, wanda ya manta bai ci komai ba tun Kalk Bay, duk a nan ake ganinsu a gefen titi, wani na tura keke, wani na riƙe da cinyar da ta ɗaure. Kusa da su sai ga dattijuwa mai furfura, ko wani mai tumbi a kan tsohon keken ƙarfe, suna wucewa a giyarsu mafi sauƙi, ba sa haki, har suna yi wa na gefe sannu. Zakarun tseren kan gama zagayen duka a wajen awa biyu da rabi, ana kuma ba sauran jama'a awa bakwai, amma ni waɗannan masu wucewa a natse su ne suka fi burge ni.

Daga saman tudun an gama wahala. Victoria Road ce ke gangarawa a bakin ruwa, ƙarƙashin jerin tsaunukan Twelve Apostles, hanyar da Thomas Bain ya gina a ƙarshen shekarun 1880. A Oudekraal akwai matakala da ta tashi daga bakin titi zuwa hubbaren Shehu Nurul Mubin, ɗaya daga malaman da 'yan Holan suka koro daga gabas a ƙarni na 18, kuma Musulmin Cape na ziyartarsa har yau. Wanda la'asar ta riska a wannan yanki ya tuna cewa alƙibla a can arewa take, da ɗan karkata gabas. Daga nan sai Camps Bay da Sea Point, cunkoson motoci da masu tsallaka titi, lokacin da gajiya ta rage wa mutum hankali, don haka hannu ba ya barin birki har a sauka.

Duk wannan tsarin na lokacin zafi ne. Daga Yuni zuwa Agusta iskar arewa maso yamma ce ke zuwa da ruwan sama, sai a juya lissafin: wasu su gajarta tafiyar, wasu su tsaya a gefen False Bay inda tsaunuka ke ba da mafaka, su yi ta leƙen manyan kifayen wel da ke shigowa gulbin daga tsakiyar shekara zuwa wajen Nuwamba, mafi yawa kuma su jira kwana ɗaya ko biyu bayan hadari ya wuce, lokacin da gari kan yi tsit, sararin sama ya wanke. Ko wane lokaci ne, in an dawo gida ba a jingine keke haka nan. Gishirin teku da yashi sun shiga sarƙa da birki, in aka bar su mako guda tsatsa ta kama. A wanke da ruwan daɗi, a goge, a ɗiga wa sarƙa mai, a bi taya da yatsa a cire ƙaya da ɓarɓashin kwalba kafin su kai ga tub.